Tafireta Ta Koma Bencin Baya

Shekara ashirin da shida ta yi tana buga wa ɗalibai takardu a wani ɗan shago da ke daura da ƙofar jami'a, tsakanin mai fotokwafi da mai gyaran waya. Shagon ba wani girma ne da shi ba: teburi ɗaya, kwamfuta, firinta mai yin tari kafin ta fito da takarda, sai benci na masu jira. Da tafireta ta fara, irin mai buga ƙararrawa a ƙarshen layi, da kwamfuta ta zo kuma ta koya da kanta, ba wanda ya zaunar da ita. Duk wanda ya yi karatu a jami'ar a waɗannan shekaru, in bai san fuskarta ba ya san ƙeyarta, domin kullum ta juya wa ƙofa baya yatsunta na gudu. Mama ake ce mata. Tun tana 'yar shekara ashirin da biyar ɗalibai suka laƙaba mata sunan, wasu ma a lokacin sun girme ta, kuma ya zauna daram.

Kundin kammala digiri ya fi kawo mata jama'a. Ta buga a kan noman albasa, ta buga a kan ciwon ƙoda, ta buga a kan dokar haya, duk ta buga ta manta. Shafin godiya ne kaɗai take rage gudu a kansa. Bayan an gode wa iyaye da malami, sai a zo kan abokai, a jero su da sunayen tsiya: Kwalba, Ministan Yunwa, 'Yar Autan Rigima, "waɗanda ba don su ba da tun bara na gama." Masu sunayen kuwa suna nan a bayanta kan benci, su huɗu ko biyar a wurin mutum uku, suna ture-ture, suna tona wa juna asiri, suna dariya har wani ya zame ƙasa. Da ta waiwayo don ta taya su, sai tsit.

"Yi haƙuri Mama, mun cika ki da surutu."

Abin yana mata ciwo, kuma ba ta taɓa gaya wa kowa ba. Gaskiyar magana ita ce ba ta da ƙawa. Waɗanda suka gama sakandare tare kowa ta kama gabanta, ita kuma shago ya cinye mata yini, 'ya'ya biyar suka cinye sauran. Matan layinsu suna shigowa gidanta, amma shawara suke zuwa nema, ko a rubuta musu takardar neman aiki, ko a sasanta su da surukai. Ba wadda ta taɓa zuwa don kawai ta zauna ta yi mata tsiya. Mutunci dai tana da shi har ya yi mata yawa.

Shekarar da autanta ya gama sakandare, ta cika fom ɗin da ta cika wa dubban mutane, wannan karon da sunanta. Ta zauna jarrabawa a ɗaki ɗaya da sa'o'in autan, ta ci, aka ba ta sashen tarihi. Tana da shekara hamsin da ɗaya.

Mijinta tsohon direban bas ne da ya ajiye sitiyari ya koma gyaran duk abin da bai lalace ba a gida. Ya karanta takardar sau biyu, ya dube ta ta saman tabarau.

"To, digirin nan me za ki yi da shi?"

"Bango zan rataya."

"Bari in nemo ƙusa mai ƙwari tun yanzu."

Shi ke nan nasa. Babbar 'yarsu ce ba ta ga abin dariya ba. Ma'aikaciyar jinya ce, duk gidan Nas suke ce mata, kuma ta saba in ta yi magana a bi, ko a asibiti ko a gida.

"Mama, karatu ba laifi ba ne. Amma akwai ajin manya na ƙarshen mako. Ki shiga can cikin sa'o'inki, a mutunce."

"Na gaji da manya," in ji ta. Ta bar wa matar mai fotokwafi makullin shago, ta sayi jakar goyo.

Ranar farko ta shiga ɗakin lakca a ɗarare kamar ta yi sata. Kafin ta gama duba inda za ta zauna, wani dogon yaro mai son sa kwat ko ana zafi, shugaban ajin da suke kira Gwamna, ya miƙe ya ɗaga murya: "A ba wa Mama hanya!" Aka dare. Wani ya karɓi jakarta, wata ta goge kujerar gaba da hankicinta. Daga ranar kujerar ta zama tata, ko ta makara ba mai taɓawa. Ta ce a ranta farko ne, za su saba.

Ba su saba ba. Bayan ɗakin karatu akwai kiyos ɗin mai shayi, da tebura uku da kujerun roba a ƙarƙashin rumfar kwano, nan 'yan ajin suke tarewa tsakanin lakca da lakca. Tun daga nesa take jiyo shewarsu. Tana isa sai hira ta mutu. Mutum biyu su miƙe su ba ta kujera, wani ya sayo mata shayi, a tambaye ta ya gwiwa, ya mutanen gida, ya ƙoƙari. Minti goma ba ya cika kowa ya tuna yana da wurin zuwa. Sai ta rage ita da mai shayi da kujeru bakwai.

Haka ta cinye shekara guda. Makinta ya yi kyau, malamai na yaba ta, ita kuwa in ta dawo gida sai ta jefar da jakar a kan gado da ƙarfin da bai kamata ba.

A shekara ta biyu asirin ya tonu. Akwai guruf ɗin aji a waya, Gwamna da kansa ya sa ta tun makon farko. Ba abin da ake turawa sai jadawalin lakca da fatan alheri lokacin jarrabawa, har ta fara tausaya wa yaran zamani da rashin hira. Ran nan ana jiran malami, sai wayoyin ajin suka yi ƙugi a lokaci ɗaya. Kawuna suka sunkuya, kafaɗu suka fara rawa, wani can baya ya kasa riƙewa ya fashe. Ta ciro tata wayar ta duba. Ba komai.

Da aka tashi ta tare Barkono a bakin ƙofa. 'Yar ƙaramar yarinya ce siririya, bakinta ya fi jikinta nauyi, ba wanda ya tsira daga gare shi a ajin sai mutum ɗaya.

"Me aka turo ɗazu?"

"Ba komai, Mama."

"Ba komai ne ya sa wancan ya kusa shaƙewa?"

Barkono ta dubi ƙasa, ta dubi sama. Ƙarya ba ta cikin baiwarta. "Guruf biyu ne, Mama."

"Na biyun me ake yi a ciki?"

"Shirme kawai."

"Su wa ke ciki?"

"Kowa."

"Kowa?"

"Banda ke."

Gwamna ya ƙaraso da sauri yana gyara kwat, ya haɗa hannuwa kamar mai ba da haƙuri a madadin gwamnati. "Mama, wallahi girmamawa ce. Ba ma so ki ga abin da zai sa ki raina tarbiyyarmu."

"Ni?" ta ce. "Wasiƙar soyayya ta farko da na buga wa ɗalibi, ba a haife ka ba. Wataƙila ma ta babanka ce."

Ba wanda ya yi dariya. Wannan ya fi komai ƙona mata rai: ta yi magana mai kyau irin wannan, an tsaya ana kallonta da ladabi.

A gida mijin ya ji labarin yana warware bayan fanka da sukudireba. Ya ce, "Ai sai ki ce su sa ki."

"Ba a roƙon irin wannan."

"To ya za ki yi?"

Washegari ta shiga ɗakin lakca, ta wuce kujerar da aka goge mata ko kallo ba ta yi ba, ta hau matakala har bencin ƙarshe, inda ake rubutu a jikin teburi ana cin gyaɗa a ɓoye. Ta ce wa Barkono, "Matsa." Ta zauna tsakaninta da Gwamna.

Mako biyu bencin baya ya koma kamar layin ganin likita. Kowa ya miƙe zaune, ba mai motsi, masu barci suka daina barci, har ta ji wani yana ƙunƙuni wai an kashe musu wuri. Ta yi kunnen uwar shegu da su. Tana da makamin da ba su sani ba: rabin malaman sashen nan a kan bencin shagonta suka girma. Ta san wanda ya yi kuka da aka dawo masa da kundi, ta san wanda budurwa ta rubuta masa babi na uku. Sai ta fara sakin magana ƙasa-ƙasa, idonta na kan allo, fuskarta a ɗaure, kamar da littafinta take. Barkono ce ta fara karyewa, ran nan ta cusa fuska cikin jaka tana jijjiga. Amma ko a lokacin, in an fita waje, Mama ce, ga kujera, ga shayi.

Akwai wani Dakta mai koyar da tarihin kasuwanci, mutum mai tsauri da ba a shiga ajinsa bayan ya shiga. Dokarsa sananniya ce: wanda ya kora daga aji ba zai zauna gwajin wannan zangon ba, gwajin kuma maki talatin ne cikin ɗari. Ran wata Talata ya bar darasi ya koma faɗa a kan lalacewar ɗaliban yanzu. A zamaninsu, in ji shi, ɗalibi bai san barci ba, littafi ne matashinsa.

"Wannan?" ta ce, ba ta ko motsa kai ba. "Bencina ya san nauyin barcinsa. Sai na kunna firinta yake zabura yana goge yawu."

Bencin baya ya tarwatse. Gwamna ya yi ƙoƙarin mayar da tasa dariyar tari, ta fito ta hanci. Dakta ya ajiye alli.

"Bencin ƙarshe, duk ku fita. Ranar Alhamis kuma kada in ga ƙeyar kowa a gwaji." Suka fara miƙewa ɗaya bayan ɗaya. Sai idonsa ya faɗa kanta, muryarsa ta sauka. "Banda Mama. Mama, yi haƙuri, yaran nan sun dame ki. Dawo gaba ki zauna."

Ga hanya an buɗe mata. Ta san darasin nan da wuya, ta san ba ta iya cinsa ba tare da makin gwaji ba, ta san kuma abin da Nas za ta ce. Ta dubi yaran bakwai da ke tsaye da jakunkuna a hannu. Ba wanda ya dube ta da zargi, ko Barkono. Sun riga sun yarda cewa haka abin yake, ita daban su daban. Nan zuciya ta ciyo ta.

"Dakta, ni na yi maganar."

"Mama, kada ki rufa musu asiri."

"Ba asirin da nake rufawa. Ni na faɗa, su dariya kawai suka yi. In kora ce, da ni za a fara."

"Haba Mama, ni ba zan iya korarki ba."

Ta ɗaga katin ɗalibai da ke rataye a wuyanta. "Wannan da nasu wuri ɗaya aka buga su. Ko nawa da bambanci?"

Dakta ya gyara tsayuwa, ya ce, "To me kika ce da ya ba su dariya haka?"

"In na maimaita a nan, kai ma sai ka fita."

Ta saɓa jakarta da kanta, ta sauko matakalar a hankali saboda gwiwa, ta fice, yaran na biye da ita.

A baranda suka tsaya cirko-cirko. Can sai Gwamna ya jingina da bango ya sulale ƙasa da kwat ɗinsa, yana dariya har da hawaye. Barkono ta ce, "Wallahi bakinki tafireta ne, in ya kama layi sai ya kai ƙarshe!" Tana faɗa ta toshe baki da hannu biyu, ido waje.

"Me kika ce?"

"Yi haƙuri, Ma..."

"Sake faɗa."

"Tafireta," in ji Barkono, da 'yar murya.

Kafin su kai ƙasan bene wayarta ta fara ƙugi ba ƙaƙƙautawa: an sa ta a guruf na biyu. Abu na farko da ta gani a sabon guruf ɗin hotonta ne tun na shekarar farko, tana gyangyaɗi a kujerar gaba baki a ɗan buɗe, an rubuta a ƙasa: "Mama na zurfafa bincike." Ashe sun daɗe suna yi da ita, ita ce kawai ba a gayyata ba. Ta riƙe ƙarfen bene ta yi dariyar da ta manta tana da irinta.

Dakta bai sassauta ba, kuma ta ga girmansa a kan haka. Ta faɗi darasin, sai ta maimaita shi baɗi. Amma zangon nan ta more shi. Ta bi bas ɗin sashe zuwa gidan adana kayan tarihi, a kujerar baya, ta fi kowa ɗaga murya a waƙa duk da ba ta san rabin baitocin ba. Ta je kallon ƙwallon sashe da sashe, ta yi wa alƙalin wasa ihun da ya sa ya waiwayo. Ta koyi lido a teburin mai shayi, ta zama 'yar rigima a kai. Har faɗa suka yi da Barkono a kan littafin da ta ara ta jiƙa da shayi, kwana uku yarinyar na ganinta tana ɗauke kai. Ta dawo gida tana ba da labari baki har kunne.

"Gaba ake yi da ke kike murna?" in ji mijin.

"Rabon da wani ya yi gaba da ni tun ina sakandare."

Labarin faɗuwar ya kai kunnen Nas ta bakin wata abokiyar aikinta da ƙaninta ke ajin, kuma ya kai da ƙari: an kori Mama daga aji, Mama na zama da yara a kiyos, yara na kiranta da wani suna. Ran nan da la'asar ta taso daga asibiti da fararen kayanta, ta nufo bayan ɗakin karatu.

Ta tarar da su a tsakiyar wasan lido. Uwarta ta ture gilashi saman goshi, ɗan lidonta guda ya zagayo allo saura taku kaɗan ya shiga gida, na Barkono na bayansa da taku huɗu. Barkono ta jefa, huɗu ta fito. Ta daka tsalle ta buga teburi.

"Ke Tafireta, yau kin shiga uku! Kwashe ɗanki ki koma gida!"

"Ke!" Muryar Nas ta ratsa rumfar. "Wa kike cewa ke? Sa'arki ce? Uwar wasu ce wannan, ta haifi wadda ta girme ki! Ba a koya muku magana a gida ba?"

Cikin ƙiftawar ido komai ya rushe. Gwamna ya miƙe yana laluben maɓallin kwat. Sauran suka ja kujeru baya. Barkono ta ƙanƙance, ta sunkuyar da kai, ta ce, "Yi haƙuri, Mama." Ta miƙa hannu a hankali ta kama wani ɗan nata daban, can gefe, ta fara tura shi don ta bar wa Mama hanya.

Uwar ta ga shekara biyu na shirin zubewa a gabanta, kuma ta ji tsoro na gaske. Ta kama hannun yarinyar ta riƙe a kan allon.

"Nas," ta ce, ba ta ɗaga murya ba. "Na taɓa fashin zama uwarki? Ko na yini ɗaya?"

"Mama, ba wannan ake..."

"Amsa min."

"A'a."

"Shekara talatin ina yi, kuma in na koma gida anjima zan ci gaba. 'Ya'ya biyar ne da ni, ban zo nan neman na shida ba. Masu ba ni kujera sun ishe ni, har sun yi min yawa. Wannan da kike gani ita kaɗai ce a duniya take iya ce min ke. Na faɗi darasi guda kafin in same ta. Ba za ki zo cikin minti ɗaya ki mayar min da ita 'ya ba."

Nas ta dubi uwarta kamar yau ta fara ganinta, idonta ya kawo ruwa, ta juya fuska wajen mai shayi. Ba ta tafi ba, ba ta kuma zauna ba.

Uwar ta saki hannun Barkono. "Huɗu kika jefa. Mayar da wancan inda yake, ki yi wasanki."

Barkono ta saci kallon fararen kayan, ta dubi allon. Ta mayar da ɗan gefen. Ta ɗauki na bayan, ta ƙirga a fili, ɗaya, biyu, uku, ta tsaya da shi a sama.

"Ina jiranki," in ji Tafireta.

Yarinyar ta sauke shi, ta ture ɗan Tafireta daga allon har ya gangara ƙarƙashin teburi.

"Muguwa!" Tafireta ta buga cinya. "Saura taku uku in shiga gida! Wallahi sai na rama."

Ta sunkuya da kanta tana laluben ɗan a tsakanin ƙafafun kujeru, gwiwarta na ƙara, kuma ba wanda ya tashi ya taya ta.